Sukari Da Tsatsar Ido

Kowacce daga cikinmu ta san in ta yanka gauta ko dankali ta ajiye, kafin ta juya ya fara baƙi. Ta san wuƙa in ta kwana cikin raɓa sai ta yi tsatsa. Iskar da muke shaƙa, watau oksijin, ita ke wannan ɓarna, kuma irinta tana aukuwa cikin idon mai ciwon sukari. Ita ce maganarmu ta yau.

A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garau kamar ɗigon ruwa, wanda haske ke bi ya shiga. Ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, kuma abin da aka gina tsakiyarsa da shi tun muna ciki, shi za mu kai kabari, ba a sabunta shi. Saboda haka Allah ya sa masa mai gadi, wani sinadari da likitoci ke kira gulutatiyon, aikinsa kashe tsatsar nan tun ba ta kama ba.

To, sa'ad da sukari ya yi yawa a jini, sai ya cika ruwan da madubin ke sha. Madubin kuwa ba ya jiran insulin, haɗiya kawai yake yi, ya juya rarar ta zama wani abu mai suna sobitol. Mace ce ma, Ruth van Heyningen ta Jami'ar Oksfod a Ingila, ta iske irin wannan abu tare cikin idon ɓeraye masu ciwon sukari a 1959. Sobitol ba ya fita da sauƙi, sai ya jawo ruwa, madubi ya kumbura. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, guzurin da ake ƙonawa wajen yin sobitol, shi ne guzurin da mai gadin nan ke samun ƙarfi da shi. Sukari ya cinye abincin mai gadi, tsatsa ta sami ƙofa a buɗe. Daga nan sai naman madubin ya dunƙule ya yi fari, kamar farin ƙwai in ya ji wuta. Wannan ita ce yana.

Ban koyi wannan a kwalejin horon malamai ba. Gwaggona ce ta sa na bi diddiginsa. Ba ta kai 50 ba, ɗinkin hula take yi tana ci da marayu uku, amma bara sai da ta koma miƙo mini allura in zura mata zare. Mutanen gida suka ce tsufa ne. Ina tsufan yake? Masu sukari yana kan riske su da wuri, tun tsaransu na gani sarai.

Aka yi ta kawo shawara. Wata ta ce a sayi ƙwayoyin bitamin, tun da an ce suna maganin tsatsar jiki. Ni na hana, aka ce na cika boko. Amma an gwada bitamin C da E kan dubban mutane a Amurka, sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna ba su hana yana ba. Kwalli da maganin ɗigawa ma ba sa wanke ta, dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. Kuɗin nan gara ya tafi wajen awon sukari da maganinsa, domin nan ne ake iya rage gudun abin.

Wanda na fi tsoro shi ne mai yawo da tsinke yana tura yana cikin ido. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya iske da yawa daga waɗanda aka yi wa haka sun ƙare a makance. A asibitin ido kuwa cire madubin ake yi a sa na roba, sai dai likita zai so sukari ya daidaita tukuna. Sa'an nan ya leƙa can ƙuryar idon, don sukari yakan ɓata jijiyoyin wurin ma, kuma sabon madubi ba ya gyara wannan.