Ni da Auta da ƙwallon kwando a Vom

Kwana biyu kun ji ni shiru. Wallahi hidimar shago ce ta sha kaina, ga kuma wata 'yar taƙaddama da ta taso a gidanmu a kan Auta, wadda ita ce ma ta jawo wannan rubutu. Masu karatu da suka saba jin labarin kasuwa da zaman da muke yi a nan Filato su yi mini haƙuri, yau ƙwallon kwando za mu taɓa. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan mai tireda da wasan Amurkawa. To a biyo ni a hankali.

Kakanmu daga ƙasar Katsina ya zo Bukuru zamanin haƙar kuza. Mahaifina kuma ya matso Vom ya buɗe shago, a nan aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare. Ga wanda bai san Vom ba, gari ne na Birom a kudu da Jos, an fi saninsa da cibiyar binciken cututtukan dabbobi da aka kafa tun 1924, da dankalin Turawa, sai kuma sanyi. Sanyin kam ba a magana. In ka fita fili da sassafe a watan Disamba aka jefo maka ƙwallo, ji za ka yi kamar dutse ka cafe.

Filin da na koyi wasa na siminti ne, a wata makaranta. Kwando ɗaya ya lanƙwashe, ɗayan kuma babu raga, sai an yi gardama kafin a yarda ƙwallo ta shiga. Yaran unguwarmu duk ƙwallon ƙafa suke yi, don haka ni kaɗai ne Bahaushe a wurin, shi ya sa suka sa mini suna Malam. Koci kuwa ba mu da shi, wayar hannu ce malamarmu. A tura maka bidiyon Kyrie Irving yana yanka mutane, ko Stephen Curry yana jefawa daga nesa, washegari ka zo ka gwada. Na ƙware ba laifi. Ina iya wuce mutum biyu in jefa, 'yan kallo su yi ihu, kaina ya kumbura.

A 2017 wani tsohon ɗan wasa ya shirya horo na kwana uku a Jos, aka ce za a zaɓi yara kaɗan a ci gaba da koyar da su. Na ranci kuɗin mota wajen Inna na tafi. Ranar farko ba wanda ya kai ni cin maki. Rana ta biyu sai kocin ya busa usur, ya nuna wani gajeren yaro ya ce in je in tsaya masa shinge. Ni da nake ganin ni ne tauraro, a ce in tsaya kamar turke don wani ya wuce? Na je na ɗan gifta, ko kafaɗar mai tsaronsa ban taɓa ba, na fice ina ɗaga hannu a ba ni ƙwallo. Ya sa muka sake har sau uku, ban canja ba. Sai ya dube ni ya ce, "Malam, kai rawa ka zo yi."

Da aka karanta sunaye babu nawa. Na dawo gida na gaya wa kowa cewa don ni Bahaushe ne aka cire ni. Kuma kowa ya yarda, don duk wanda ya taɓa neman takardar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma a nan ya san irin wannan magana ba tatsuniya ba ce. Ana yi. Amma ranar nan ba ita ta kayar da ni ba, kuma sai da na yi shekara huɗu kafin na iya faɗa wa kaina haka.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne wasan Najeriya da Amurka na watan Yulin 2021 a Las Vegas, wanda muka ci su 90 da 87. A tuna, a gasar Olamfik ta Landan a 2012 sun lallasa mu 156 da 73. Wannan ne karon farko da na zauna na kalli wasa cikakke tun daga farko har ƙarshe, maimakon guntayen bidiyo. Yaranmu sun jefa ƙwallo 20 daga bayan layin maki uku, Gabe Vincent shi kaɗai ya ci maki 21. Na maimaita kallo, wannan karon na daina bin ƙwallo da ido, na koma kallon sauran mutum huɗun. A nan na ga abin da masu yanka bidiyo suke cirewa. Kafin mutum ya samu sararin jefawa, sau da yawa akwai wani da ya tsaya ya tare masa hanya da jikinsa, ya sha karo, kuma ba wanda zai rubuta masa ko maki ɗaya.

Wannan dabara ita Turawa ke kira fik-an-rol, mu kuma a filinmu muna cewa shinge da juyi. Bari in warware ta yadda na fahimce ta, don ita ce gishirin kai hari a wasan ƙwararru na yanzu.

Mai ƙwallo yana sama, mai tsaronsa na gabansa. Sai abokin wasansa, galibi dogo, ya zo ya kafa ƙafafunsa a gefen mai tsaron ya tsaya cak. Dole ya tsaya ɗin, in ya motsa yana turewa alƙalin wasa zai busa masa laifi. Shi kuma mai ƙwallo dole ya yi haƙuri har shingen ya kafu, sannan ya wuce kafaɗa da kafaɗa, kada ya bar ratar da mai tsaro zai kurɗa. Da ya wuce, sai dogon ya juya ya nufi kwando da gudu, hannu a sama. Shi ke nan fa. Amma dubi halin da aka jefa masu tsaro. In mai tsaron ya zagaya ta bayan shinge, ya ba mai ƙwallo sarari, sai ya jefa. In ya biyo shi ta gaba, to an riga an bar shi a baya, mai ƙwallo ya nufi kwando, dogon su kuma ya rasa wanda zai tare cikin biyun. In suka yi musaya, gajere ya koma tsaron dogo, dogo mai nauyin ƙafa ya koma tsaron gajere mai sauri, ka zaɓi wanda za ka ci. In kuwa su biyun suka taru a kan mai ƙwallo, sai ya miƙa wa wanda ya yi shingen, nan take an zama mutum huɗu a kan uku.

Wannan na ƙarshen shi ne abincin Draymond Green a Golden State. Saboda tsoron hannun Curry sai a rufe shi da mutum biyu, shi kuwa ya sakar wa Green, Green ya duba wa aka bari. Galibi wanda ke tsaye a kusurwa ne, don mai tsaronsa ya baro shi ya zo taimako. Kuma a NBA layin maki uku ya fi kusa a kusurwa, kimanin mita 6.7, alhali ta sama ya kai mita 7.24. Ka ga ashe mutumin da ya tsaya a kusurwa bai taɓa ƙwallo ba, shi ma aiki yake yi, don yana riƙe da mai tsaro ɗaya nesa da kwando. Mu a filinmu duk mu goma muna cunkushe inda ƙwallo take, kamar an watsa wa kaji tsaba.

Kuma dabarar ba sabuwa ba ce. John Stockton da Karl Malone sun yi kaka 18 tare a Utah, daga 1985 zuwa 2003, kowa ya san abin da za su yi, amma tare su ya gagara. Stockton ya yi ritaya da fasin 15,806 da aka ci maki da su. Nikola Jokic da Jamal Murray da irin wannan wasan mutum biyu suka ɗauki kofi a Denver a 2023, har wani lokaci gajeren ne ke yi wa dogon shinge.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne Giannis Antetokounmpo. Iyayensa 'yan Najeriya ne, a Atens ta ƙasar Girka aka haife shi a 1994, ya yi tallar agoguna da tabarau a titi, kuma bai samu takardar zama ɗan ƙasar da aka haife shi ba sai 2013. Ina jin ba sai na yi wa masu karanta wannan shafi bayanin yadda wannan yake ba. To shi ma da duk girmansa, a wasannin da suka kai Milwaukee ga kofin 2021, ya sha tsayawa shinge don Khris Middleton ya wuce. A wasan ƙarshe kuma ya ci maki 50. Ni da ban taɓa cin kofin unguwa ba na ƙi tsayawa.

Yanzu mu zo kan Auta. Shekararsa 14, kuma ya riga ya kere ni tsawo. Tun bara yake bi na fili. Matsalar dogon yaro a wurinmu ita ce da an gan shi sai a dasa shi a ƙarƙashin kwando a ce ya riƙa ɗauko ƙwallo, ba mai koya masa riƙe ta ko ba da fasin. In ya kai 18 tsawon ya tsaya, sai ya tarar a manyan ƙungiyoyi shi ne gajere, ga shi bai iya aikin gajeru ba. Wasu kuma a rage musu shekaru, ɗan 19 ya yi ta cin yara 'yan 15 da ƙarfi, yana ganin ya iya, ranar da ya haɗu da sa'anninsa sai asiri ya tonu. Na yi wa kaina alkawari ko wata ɗaya ba zan rage wa Auta ba.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne a wannan wasa fara wa a makare ba ya kashe yaro, in dai tushen ya yi kyau. Hakeem Olajuwon a Legas golan ƙwallon ƙafa ne kuma yana ƙwallon hannu kafin ya taɓa ƙwallon kwando, ya kuma ɗauki kofi sau biyu da Houston, 1994 da 1995, da sarrafa ƙafar da har gobe ake koyi da ita. Joel Embiid na Kamaru sai da ya kai 15 ya fara, a 2023 aka zaɓe shi gwarzon NBA. Ga kuma na kusa da mu, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya koyi wasa a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin nan na Jami'ar Ahmadu Bello. Tun 2003 ya fara shirya wa yara sansanin horo a Najeriya, kuma shi ne shugaban Toronto lokacin da suka ci kofi a 2019. Zariya fa, ba wata uwa duniya ba.

Don haka abin da nake sa Auta yi ba shi da daɗin kallo. Buga ƙwallo da hannun hagu har ya gaji. Tsayawa a ƙafa ɗaya ya juya dama da hagu ba tare da ya ɗaga ta ba. Jefawa daga kusa da kwando, don na hana shi layin maki uku tukuna. Yaro in ya tilasta wa kansa jifa daga nesa kafin ƙarfinsa ya kawo, hannunsa lalacewa yake yi. Sai shinge da juyi, shi da wani abokinsa ɗan Birom, gajere mai kai. Yau wannan ya yi wa wancan shinge, gobe su juya. Su biyun yanzu da ido kawai suke magana. Tsalle kuwa na rage masa, don simintin nan ya riga ya ci gwiwata ta dama, takalman gwanjon Katako kuma ba sa ɗaukar nauyi.

Baba dai bai ga amfanin duk wannan ba. Ranar da na je masa da maganar, yana ƙirga katan ɗin sabulu, ko ɗago kai bai yi ba.

"Wannan tsawon da Allah ya ba shi," in ji shi, "ai ya isa ya riƙa sauko mini da kaya daga sama ba sai an ɗauko tsani ba."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri a ba shi dama. Yaron yana da abin da ni ba ni da shi."

Ya ce, "Kai da aka ba ka damar, me ka kawo? Ba cewa ka yi an cire ka don kai Bahaushe ne ba? To shi Bature ne?"

Nan fa na rasa ta cewa. Ƙaryar da na shuka shekarun baya ce ta tsiro a gaban ƙanena. Na durƙusa na ce, "Baba, ba haka aka yi ba. An sa ni aiki ne na ƙi yi, girman kai ya hana ni." Ya ajiye biro ya daɗe yana kallona. Bai yi faɗa ba, ni kuwa da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Ban yi masa alkawarin Amurka ba, don na san cikin dubban yara da wuya ɗaya ya kai can, kuma ko gasar cikin gida ba abin da magidanci zai jingina da shi ba ne. Abin da na ce shi ne yaron zai samu lafiyar jiki, zai saba da mutane, in Allah ya sa kuma wata makaranta ta ɗauke shi saboda wasan, to falillahil hamdu.

Bayan kwana biyu ya kira mu ya yanke hukunci. Auta zai je fili sau uku a mako, daga bayan la'asar zuwa magariba. In sakamakon jarrabawarsa ya sauka, magana ta ƙare. Sharaɗi na ƙarshe kuma, duk lokacin da Auta yake fili ni ne a shago, don Baba ba zai ɗauki yaro ya biya shi saboda ƙwallo ba. Wato lokacin da nake zuwa wasa ne aka ba Auta, ni sai ranar Asabar da safe.

Na amince. Yau Laraba, daga shagon ma nake wannan rubutu a waya. Ɗazu ya wuce da ƙwallo a hammata, abokin nasa na jiransa a bakin titi. Na ƙwala masa kira na ce ya tuna ya kafa ƙafa kafin yaron ya taho, ya ɗaga mini hannu bai ko juyo ba. Ga wata mata nan ta zo sayen man gyaɗa, bari in sallame ta. Sai mun sake haɗuwa.