Ladan kuturu a bakin tafkin Leman

Tun ranar da na dawo daga wannan tafiya, babu ko mutum ɗaya a fadarmu da ya tambaye ni abin da aka tattauna a wurin taron. Tambayarsu guda ce: "Nawa ka yo saura?" Duk ma'aikacin da ya taɓa fita misiyon ya san inda wannan magana ta dosa, domin a wurinmu ba a auna tafiya da abin da aka koyo, da ragowar perdiyem ake auna ta. Na ba su amsa, aka yi dariya, aka sha shayi. Amma akwai wata tambaya da ba wanda ya yi mini, ita ce kuwa take ci mini rai har yanzu, don haka na ga ya fi kyau in yi wa kaina ita a gaban masu karatu.

A farkon watan Satumba na 2022, lokacin da hanyar Yamai zuwa Pari take buɗe, wata ƙungiya da ba zan kama sunanta ba ta gayyaci ƴan jarida daga ƙasashen Sahel zuwa taron kwana uku a kan ruwan sha a birane. An shirya taron a Evian, garin nan na Faransa da kuke ganin sunansa a jikin kwalaben ruwa a manyan kantunan Yamai. Na sauka a Janiba, na hau jirgin ƙasa zuwa Lozan, daga nan jirgin ruwa ya ƙetare da mu cikin minti 35 ko kusa da haka.

Ni ɗan Damagaram ne. Tafkin da na sani shi ne na Gidimuni, sai na Madarunfa da na gani sau biyu, kuma a idona su ne iyakar ruwa. Leman kuwa ya kai murabba'in kilomita 580, zurfinsa a tsakiya mita 310, kogin Ron yana shiga ta gabas ya fita ta Janiba, ba ya ƙafewa rani da damina. Da jirgi ya kai tsakiya na riƙe ƙarfe da hannu biyu, ina kallon ƙasa, ruwa garau kamar an tace shi da ƙyalle. Abin da ya fara zo mini a rai ba kyan wurin ba ne. Cewa na yi: duk wannan, kuma babu mai ɗiba.

Otel ɗin da aka sauke mu sunansa Hôtel Royal, yana bisa tudu, tsakiyar wani lambu mai faɗin unguwa guda, yana kallon tafki. An buɗe shi a 1909, an raɗa masa wannan suna don girmama Sarkin Ingila Edward na Bakwai, wanda ya rasu a 1910 bai kwana cikinsa ba ko sau ɗaya. A bakin ƙofa wani dattijo mai furfura, wanda ya yi sa'an mahaifina, ya karɓe mini akwati yana kira na "Mushe". Na yi ta ja yana ja, don a garinmu yaro ba ya tafe hannu sake babba na ɗauke masa kaya. Daga baya na sakar masa, kunya ta kama ni har cikin ɗaki.

Ban daɗe ba na gano kuɗin ɗakin: kwana ɗaya ya haura Yuro 500. Na ɗauko biro na buga lissafi a bayan takardar gayyata, ya ba ni jaka 328 na sefa. Malaman lakkol da ke karanta wannan shafi su lissafa da kansu wata nawa ke nan. Ba ni ke biya ba, amma daga wannan lokaci komi na ɗakin ya zama abin tsoro. Akwai kwalaben ruwa biyu a kan tebur, na rantse ba zan taɓa su ba, na riƙa shan na pampon makewayi da tafin hannu. Masu gayyata sun ɗauki nauyin karin kumallo da abincin rana, na dare kuwa kowa da aljihunsa, don haka idan magariba ta yi sai in kulle ƙofa, in fito da garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari da na ƙunso daga gida, in jiƙa a kofin gilashin otel, in zauna a baranda ina ci, fitilun Lozan suna ƙyalli a ƙetaren ruwa. Sai a rana ta uku wata ma'aikaciya mai gyaran ɗaki ta tambaye ni cikin ladabi ko ruwan ne bai yi mini ba, ta ce ai kyauta ne, kullum ana sakewa.

Wannan shi ne ɓangaren da nake ba abokai su yi dariya. Ga wanda ban faɗa musu ba.

A makewayin akwai bahon wanka, fari, dogo, wanda mutum zai miƙe a ciki. Daren farko na tsaya a kansa ina ƙiyasi irin na gidanmu: zai ci lita 200, wato bido 8 masu lita 25. A unguwarmu, idan bazara ta yi tsanani, pampo yakan yi kwanaki bai zo ba, in ya zo ma sai tsakar dare, Inna ta tashe mu mu jera bokitai. Bido 8 abincin gida ne da wanki da alwala na kwana biyu, kuma sai an roƙi mai garuwa. Garin yana zaune bisa dutse, ruwansa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram, mutane kuwa suna ƙaruwa fiye da yadda bututu ke ƙaruwa. Ko Nasara da suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka kai Yamai a 1926, ƙarancin ruwa yana cikin hujjojinsu. Saboda haka daren farko na yi wanka a tsaye, cikin hanzari, ina rufe pampo tsakanin sabulu da ɗauraya kamar yadda aka hore ni.

Dare na biyu na ce bari dai in gwada, don in samu abin faɗi. Na cika bahon, na shiga, na ji daɗin da ban taɓa ji ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Dare na uku na buɗe pampo na koma ɗaki ina amsa waya, ruwa yana zuba, ban tuna da shi ba sai da ya kusa malala. Kwana uku kacal. Horon shekara talatin ya narke kamar gishiri, kuma ba wanda ya tilasta mini, ba wanda ya ce mini kanzil.

To, na zo taron nan da tambaya a aljihu. Tun a Yamai na rubuta ta, na gyara Faransancinta sau uku, irin gyaran da malamanmu na lise Amadu Kuran Daga suka koya mana. Ga ta: daga cikin kuɗin da ake shelar an ware wa poroje na ruwa a ƙasashenmu, nawa ne ke isa ƙarƙashin ƙasa ya zama rijiya da bututu, nawa ne ke komawa inda ya fito ta hanyar albashin ƙwararru da motoci kat-kat da taruka irin wannan da muke ciki? Har na yi niyyar in ƙara da cewa a faɗa mana kuɗin ɗakunanmu na kwana uku, a faɗa mana kuɗin haƙa rijiyar burtsatse ɗaya, mu raba.

Ranar farko na ce bari in fahimci mutanen tukuna. Rana ta biyu aka zaunar da ni kusa da shugabar ƙungiyar wajen cin abinci. Mace ce mai kirki, ba na shakka, ta san Damagaram, ta taɓa kwana a Birni, ta san zafin watan Afrilu, ta tambayi lafiyar mahaifiyata, ta zuba mini ruwa da hannunta. Rana ta uku aka buɗe fili, aka miƙo mini makirfo. Takardar tana cikin aljihun rigata, ina jin ta a ƙirji. Na miƙe, na gode wa masu gayyata bisa kyakkyawar tarba, na yaba da ingancin jawabai, na yi wata ƴar tambaya a kan wayar da kan jama'a wadda ko yaron lakkol zai iya amsawa, na zauna. Aka tafa mini.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na san karin maganar tun ina yaro, amma na ɗauka ladan ambulan ce ake miƙo wa mutum a ɓoye, irin wadda na sha ƙi a Yamai ina alfahari. Ban san yana zuwa da siffar katifa mai laushi da tawul mai ɗumi da dattijon da ke ce maka Mushe ba. A irin wannan gida ba a ɗaga murya. Kafet yana shanye sawun ƙafa, ƙofa ba ta ƙara, ma'aikata suna magana ƙasa-ƙasa, har mutum ya ji cewa maganar gaskiya mai kaushi rashin tarbiyya ce, kamar tofar da yawu a tsakar ɗakin surukai. Ban ga laifin otel ba, aikinsa ke nan, kuma ya iya shi. Mutanen da suke da kuɗinsu suna zuwa su sayi wannan shirun don su huta, halas ne. Ni kuwa ba hutu aka aike ni ba.

Da yammacin ranar na samu wani littafi na tarihin garin a zauren otel, na zauna ina dubawa, sai na ga ashe ba ni ne farau ba. A cikin wannan gini, a watan Yuli na 1938, wakilan ƙasashe 32 suka taru bisa kiran shugaban Amurka Roosevelt don duba makomar Yahudawan da ke gudun Hitila. Sun yi kwanaki suna jawabai masu taushi, kowa ya nuna juyayi, kowa ya kawo uzuri, ƙasa ɗaya tak, Jamhuriyar Dominika, ta yi tayin karɓar mutane masu yawa. Abin da ya biyo baya duniya ta sani. A nan kuma aka yi taron ƙasashe takwas masu ƙarfin arziki a watan Yuni na 2003, Shirak ya gayyato Obasanjo da Wade da Mbeki da Butafilika da Mubarak, aka fitar da wani shiri na musamman a kan ruwa. A shekarar ina ɗan yaro mai tura kurar bido. Ba na cewa ba a yi komi ba tun daga lokacin, an yi, amma Inna ba ta daina tashi tsakar dare ba. Don a yi adalci, garin ya taɓa ganin zaman da ya haifi abu: yarjejeniyar 18 ga Maris 1962 da ta tsayar da yaƙin Aljeriya, a wani otel na daban can ƙasa kusa da ruwa. Sai dai waɗancan ba baƙin kowa ba ne, sun zo ne bayan shekara bakwai ana zubar da jini, ba su da abin jin kunyar mai masauki.

Kada a ce na haɗa kaina da manyan tarihi. Tawa ƙarama ce: tambaya ɗaya, a ƙaramin taro, wadda wataƙila da na yi ta za a ba ni amsa mai santsi a wuce. Amma ita ce kaɗai abin da na zo da shi daga gida, ban da garin rogo.

Washegari da sassafe, kafin jirgi, na hau ɗan jirgin nan da ake ja da igiyar ƙarfe, wanda ke sauka daga tudu zuwa cikin gari ba a biyan ko dala. Na je maɓuɓɓugar da ake kira Cachat, inda labarin ruwan Evian ya faro a ƙarshen ƙarni na 18. Ruwan sama da ƙanƙara ne da ke nutsewa a tuddan bayan gari, ya yi shekara 15 yana tacewa cikin yashi da duwatsu kafin ya fito. Pampo ne a jikin bango, yana zuba dare da rana, kowa ya zo ya ɗiba kyauta. Na tarar da layi: tsofaffi da kwanduna cike da kwalabe, wata mata da yaro, wani mai keke. A duk kwanakin nan, nan ne kaɗai na ji ni a gida, domin layin ruwa na san ƙa'idarsa. Na tambayi wane ne na ƙarshe, na tsaya bayansa. Babu mai tsallake wani, babu mai faɗa, don kowa ya san ba zai ɗauke ba.

Na cika kwalba ɗaya babba, na naɗe ta cikin riga, na sa a akwati. Labarin da na rubuta wa jarida bayan na dawo yana nan a ajiye, mai son gani ya gani: an yi taro, an tattauna, an yi alkawari. Ba ƙarya a ciki ko ɗaya.

Bayan sati biyu na tafi Damagaram, na kai wa Inna tsarabarta, turmin atamfa da na saya da ragowar perdiyem, da kwalbar. Na yi mata bayanin tafki da duwatsu da shekara 15. Ta juya kwalbar a hannu, ta ce: "Na Zamzam ne?" Na ce a'a, Inna, na ƙasar Nasara ne. Ta kurɓa kaɗan, ta ce ba shi da ɗanɗanon komi. Sa'an nan ta tambaye ni ko na gaya musu halin da ake ciki. Na ce an yi magana. Ta ce to madalla, Allah ya yi albarka, ta tashi ta juye sauran cikin randa, don ranar kwana uku ke nan pampo bai zo ba.