Gizon da Ba a Yi wa Ƙurunƙus

Babu ɗan Bahaushen da bai san Gizo ba tun yana goye. Makwaɗaici ne, maƙaryaci, ba ya ganin kowa da gashi sai kansa. Ko matarsa Ƙoƙi ba ta tsira daga wayonsa ba. Amma duk da haka iyayenmu mata ba su taɓa jin tsoron ba mu labarinsa da dare ba, domin sun san akwai ƙurunƙus a gaba. Galibi kafin a kai can asirinsa ya tonu, ya sha kashi ko ya sha kunya. Gobe in an ce ga ta nan ga ta nanku, sai ya faro daga farko. Ba ya ɗora laifin jiya bisa na yau.

To, wasannin talabijin masu dogon zango sun kawo mana wani irin Gizo dabam, wanda labarinsa ba ya ƙarewa. A kansa nake so in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai, malamaina kuma su gyara mini inda na karkace.

A 2015 ne tashar Arewa24 ta soma nuna Daɗin Kowa, wasan da aka gina a kan wani gari na ƙage mai wannan suna. Ba barkwanci ne zalla ba, don faɗakarwa aka shirya shi: batun almajirci, shaye-shaye, zaman aure, da zaman tare tsakanin mabiya addinai. Har kyautar AMVCA ya ci a 2016. Amma a teburin mai shayin da muke kallonsa a Ƙaura Namoda, can wajen tashar jirgin ƙasa, ba wanda ya zo don wa'azi. Janareta na ruri, ana ta surutu, sai Malam Nata'ala ya bayyana, nan take wuri ya yi tsit, kowa ya gyara zama. Marigayi Mato Yakubu, Allah ya jiƙansa, ya iya wannan malami ƙwarai da gaske, har mutane da yawa ba su san sunansa na yanka ba.

Yadda na gan shi da fari, malamin tsangaya ne mai ɗan kwaɗayi da cika baki, irin wanda kowace unguwa tana da nata. Idonsa na kan ƙwaryar almajiransa, kunnensa na kan aljihun baƙo. Wannan abin dariya ne, domin mun san shi. Da tafiya ta yi tafiya sai na lura abin ya sake kama. Kwaɗayin ya zama haƙƙi a wurinsa. Kowace magana aka ɗauko sai ta biyo ta kansa, kowane laifi na wani ne, iyali da almajirai kuwa sun zama kamar kayan aikinsa. Da can yana yi yana waige. Daga baya ya bar waigen.

Kakata a Shinkafi ba ta damu da talabijin ba, amma wata rana ta zauna ta kalla tare da jikoki. Da aka gama sai ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, wanga malami yaushe za shi tuba?" Na ce mata, "Inna, in ya tuba ai wasa ya tashi." Ta ce to ita ba ta ga amfanin labarin da mugu ba ya ganin sakayya ba, ta ja tabarmarta ta shige ɗaki.

Amsar da na ba ta a cikin raha, da na zauna na auna, sai na ga ita ce gindin maganar. Marubucin irin wannan wasa yana da bashin dariya a kansa kowane mako. Dariya kuwa kamar yaji take: wanda ya ishi harshe bara, bana sai an ƙara. In mai son kansa ya ci tuwon yaro an yi dariya, mako mai zuwa dole ya haɗa da ƙwaryar. Sa'an nan ba dama a hukunta shi hukunci na gaske. In ya gyaru, masu kallo sun rasa abin da ya tara su, ɗan wasan ya rasa aiki, masu talla su ja baya. Watau tubarsa hasara ce ga kowa, lalacewarsa kuwa riba. Ta ina zai shiryu?

Na baya ba su rasa dabarar taka wa irin wannan mutum birki ba. Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana fitowa a matsayinsa a rediyo da talabijin na Kaduna, shi ma gwanin cika baki ne da hargagi cikin Hausarsa ta bariki. Sai dai samanja komai girman muryarsa akwai hafsa a bisansa, kuma dole ya ƙame ya sara. Bariki da kansa ya yi masa shinge. Haka ma wasannin tashe: a yi wa gwauro ko mai rowa ba'a na 'yan kwanaki cikin azumi, salla ta zo a watse. Malamin tsangaya kuwa a cikin zaurensa wa zai ce masa kul?

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. Turawan Amurka har suna suka raɗa masa daga Ned Flanders, wani maƙwabci a cikin The Simpsons, wasan zane da aka soma a 1989: da fari mutumin kirki ne mai zuwa coci, a hankali duk sauran halayensa suka zube, tsananin addinin kaɗai ya rage. Wanda ya fi kama da namu shi ne Dennis na It's Always Sunny in Philadelphia, da ake yi tun 2005. Ya faro a matsayin saurayi mai yawan duba madubi. Zuwa 2009 ya tsara wa kansa dabarar yaudarar mata daki-daki, kowane mataki da harafi ɗaya daga sunansa. Daga nan abin ya kai ga mai kallo yana dariya gabansa na faɗuwa. Bambancin kawai, su da gangan suka yi. Sun ƙudura tun farko cewa ba mai koyon darasi a cikin wasansu. Mu kuwa da niyyar gyara aka fito, farin jinin ɗan wasa ya ja akalar.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai ba a talabijin yake ba, a gidanmu yake. Ina da wani baffa a ƙasar Zurmi. Tun muna yara shi ne nishaɗin kowane biki da suna. In ya buɗe baki, shi ya sulhunta wane da wane, shi ya ba hakimi shawara, gonarsa ce ta fi ta kowa gero ko da fari aka yi. Manya su yi ta kyakyata, a ce, "Ku ƙyale shi, halinsa ne." In bai zo taro ba har aika masa ake yi, don zama ba ya daɗi in babu shi. Shi kuwa bai taɓa ɗaukar dariyar nan a matsayin ba'a ba. Tafi yake ji.

Shekara ta bi shekara, ƙaryar ta tashi daga baki ta koma hannu. Ya ari keke ya ce kyauta aka ba shi, aka yi dariya. Ya karɓi kuɗin taki na ƙanensa ya yi sabuwar riga, aka ɗan yi gunaguni, aka mai da shi labarin ban dariya na salla.

A watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe kasuwannin mako-mako aka kuma yanke layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, danginmu na ƙauye suka taru a cikin gari, ba gona ba ciniki. 'Yan'uwa na nesa suka haɗa hatsi da 'yan kuɗi suka aiko ta hannunsa, tun da shi ne babba a wurin, ga shi ba hanyar kira a tambaya. Ya raba abin da ya ga dama, da sunan daga aljihunsa ya fito. Matar ƙanensa marigayi, mai marayu huɗu, ko tiya ba ta samu ba, wai ba ta gaishe shi da kyau ba. Sai da waya ta dawo aka ji yadda aka yi.

Matar nan yanzu tana Ƙaura wajen 'yan'uwanta, tana sayar da ƙosai, babban ɗanta ya bar makaranta. Baffa kuwa da sallar da ta wuce ya zo gidanmu da babbar riga, ya zauna a tsakiyar zaure, ya ba da labarin yadda shi kaɗai ya ciyar da zuriyarmu a shekarar da aka rufe kasuwa. Wannan karon buhunan sun kai ɗari a bakinsa. Mahaifina ya tashi ya fita. Mutum biyu ko uku suka yi dariya.