Awa Biyar Tsakanin Kano da Jidda

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400. Jirgin alhazai yakan cinye ta cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar idan ya miƙe hanya. Wannan lissafi ne wani saurayi ya karanta wa kakansa daga waya, a wani zaure a Kademi ta ƙasar Gaya, ana saura mako guda maniyyata su shiga sansani. Ya ƙara da cewa agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa biyu, saboda haka wanda ya tashi da goma na dare zai sauka wajen biyar na asuba.

Dattijon ya nisa, ya ce shi a nasa lissafin tafiyar ta shekara goma sha ɗaya ce. Tsawon shekarun ke nan da ya yi yana ware gyaɗa da riɗi duk kaka, yana turke bijimi ya kai kasuwar Wudil. Sau da yawa idan ya kusa cika kuɗin kujera sai darajar naira ta faɗi, kujerar ta ƙara yin nisa.

Ba shi ne farkon wanda ya nufi gabas daga gidansu ba. Tun kafin a haife shi baffansa ya fita da ƙafa, ya bi hanyar da dubban Hausawa suka bi: Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Abeshe, sannan Darfur har gaɓar Nilu. Irin waɗannan matafiya sukan yada zango su yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira, sai sun tara guzuri su doshi Suwakin su ƙetare Bahar Maliya. Wasu sun dawo bayan shekaru, wasu sun zama 'yan ƙasa a can. Baffan nasa, saƙo ɗaya aka samu daga gare shi, daga Wad Madani, daga nan shiru.

Idan aka jera tafiyoyin biyu, za a ga jirgi ya rage wahalar hanya da haɗarinta, amma bai rage wa talaka yawan shekaru ba. Na da yana biyansu a kan hanya, na yanzu yana biyansu a gonarsa kafin ya tashi. Hatta awa biyar ɗin ba ta da tabbas. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Nijeriya suka koma yin zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin jigila ya ƙaru. Ƙasar da kakanni suka ratsa da ƙafa ita ce har yau take yanke wa jikoki tsawon tafiyarsu.

Dattijon ya tambayi jikansa ko zai iya hango Sudan ta taga. Saurayin ya ce, "Baba, dare ne, kuma mai yiwuwa ma ba za a bi ta samanta ba."

Sai ya miƙa masa wayarsa ya ce, "To, saita mini ita ta buga idan mun yi awa uku a sama. Ko ta ina aka bi, zan yi wa Baffa addu'a."