Kafin Ku Nufi Sakatariya

Kano,
Daren Alhamis.

Aminina,

Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafi da rashin wuta, waɗanda kai ma ba baƙinka ba ne.

Saƙonka ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe duk da tsawonsa. Wato kwalbatin bakin kasuwarku da aka kafa wa allo tun bara, aka zube yashi aka watse, shi ya hana ku barci. Ka ce samarin ƙungiyarku na so su yi gangami su nufi sakatariyar ƙaramar hukuma. Don Allah ka taushe su tukuna. In kuka je da ihu, ciyaman zai sulale ta ƙofar baya, ya bar ku da 'yan sanda. Ku fara neman takardun aikin, tunda doka ta ba ku wannan dama.

Ina nufin Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Ta sha wuya kafin ta fito: majalisa ta taɓa zartar da ita, Obasanjo ya sauka a 2007 bai sa hannu ba. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake neman bayani ba. Saboda haka in wani akawu ya ɗaga gira ya ce maka, "Kai a wa? Wa ya aiko ka?", ka yi murmushi kawai. Ba sai kana ɗan jarida ko lauya ba. Wanda bai iya rubutu ba ma yana iya sa wani ya nema masa, in kuma da baki ya nema, aikin jami'in ne ya rubuta ya ba shi kwafi.

Na san za a ce muku wannan dokar Abuja ce, ba ta hau kan jiha ba balle ƙaramar hukuma. An daɗe ana fakewa da wannan, har reshe biyu na Kotun Ɗaukaka Ƙara suka saɓa wa juna a kai. Amma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, inda wasu suka nemi takardun kuɗin hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar aka hana su. Kotun ta ce dokar ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Ka ambaci wannan hukunci a wasiƙar, layi ɗaya ya isa.

To, ga inda mutanenmu ke yin tuntuɓe. Sai mutum ya rubuta shafi uku na ƙorafi, ya zagi kansila, ya kawo tarihin unguwa, a ƙarshe ya ce a gaya masa ina kuɗin ƙaramar hukuma ke tafiya. Wannan ba shi da amsa, kuma ka ba su hanyar kuɓuta. Abin da aka rubuta aka adana a fayil ake nema. Kai dai ka ce kana son kwafin takardar bayar da kwangilar kwalbatin wuri kaza, da sunan kamfanin da aka ba, da jimlar kuɗin, da baucocin biyan da aka riga aka yi, da takardar da injiniyan sashen ayyuka ya sa wa hannu cewa aiki ya kai matakin biya. Wannan ta ƙarshen ita ce mai daɗin, domin in an biya kuɗi alhali yashi kawai aka zube, dole akwai wanda ya sa hannu ya ce ya ga aiki. Ka sa shekarar kasafin kuɗin, ka sa adireshinka da lambar wayarka, ka tsaya nan. Rabin shafi ya wadatar.

Amma kafin ka ɗauki biro, koma ka karanta allon nan da kyau. Ba duk aikin da ke cikin ƙaramar hukuma ne nata ba. Wani na ɗan majalisar tarayya ne, aikin mazaɓa, fayil ɗinsa na wata hukuma a Abuja. Wani na ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha ne, musamman da aka daɗe ana sarrafa kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa. Ajujuwan firamare kuwa galibi na hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ne. Doka ta ce in ka kai takarda inda ba nan bayanin yake ba, su tura ta inda ya dace cikin kwana 3, kada ya wuce 7, su kuma sanar da kai a rubuce. Haka take a takarda. Ni dai ban yarda in jingina da wannan ba, gara tun farko ka buga ƙofar da ta dace.

Sai maganar hatimi, wadda ina roƙonka kada ka yi wasa da ita. Ka buga wasiƙar kwafi biyu, ka rubuta ta zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ka kai ofishin rajista da kanka. Su karɓi ɗaya, su buga wa ɗayar hatimi da kwanan wata da sa hannu, ka dawo da ita gida. Kada ka ba wa masinja a bakin ƙofa, kada ka ba wa kansila don yana ɗan uwan matarka. Dalili kuwa, kwana 7 doka ta ba su su amsa, kuma daga ranar da suka karɓa ake lissafi. Suna iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa, amma sai sun sanar da kai. Wasiƙar da ba hatimi kamar bashin da aka bayar ba shaida ce, ranar da ka zo tambaya za a ce ba a san zancen ba. In suka ƙi bugawa, ka aika ta kamfanin kai saƙo ka riƙe rasit.

Kuɗi kuwa, na fotokwafi da na kwafe rubutu kaɗai dokar ta yarda a karɓa. Ba kuɗin fom, ba na "neman fayil". In an ce ka biya, ka nemi rasit.

Za ka ce, to in suka yi shiru fa? Shi ne abin da ya fi faruwa, kada ka sa ran za a tarbe ka da shayi. Amma a dokar, shiru bayan wa'adi ƙi ne, kuma kana da kwana 30 ka garzaya Babbar Kotu. A can su ne za su kawo hujjar hana ka, ba kai za ka kawo hujjar nema ba. In kotu ta ga an hana ka ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000, wanda kuma ya lalata ko ya sauya takarda da gangan, ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ne. Tarar ta zama ƙarama yanzu, a 2011 ne take da nauyi. Duk da haka ba ma'aikacin da ke son a kira sunansa a gaban alƙali kan kwalbati. Sau da yawa wasiƙar tuni daga lauya, da kwafin mai hatimin nan a manne, tana sa fayil ya fito daga inda ya ɓuya. Akwai abin da suke da ikon hanawa, kamar bayanan tsaro da sirrin rayuwar ma'aikaci, amma kuɗin kwangilar da aka riga aka bayar ba ya cikinsu.

Wani abu kuma da za ka samu ba tare da ka roƙi kowa ba: kason da kowace cikin ƙananan hukumomi 774 ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na sa shi a intanet. Ka sa yaron nan naka mai shegen son waya ya zaro muku na shekarar. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, tambayar inda kuɗin ke tafiya ta ƙara nauyi, ko da yake aiwatar da hukuncin na ta jan ƙafa.

Ka kuma tausasa harshe da ma'aikatan rajista. Ba su suka ci kuɗin ba, kuma su suka san durowar da kowane fayil yake.

Ka ɗauko min hoton allon ta WhatsApp, da daftarin wasiƙar, in duba kafin ka kai a buga. Ku sa mutum biyu ko uku su sa hannu da sunan ƙungiya, kada ya zama kai kaɗai ake nunawa da yatsa a gari. Ka gaida Liman da mutanen majalisar ƙofar gidanku.

Naka amini har kullum.