Gandiroba Mai Neman Ilimi

Akwai sana'o'in da Bahaushe ke buƙata amma ba ya son a ga ɗansa a cikinsu, kuma aikin gandiroba yana daga ciki. A zamanin En'e gidajen kurkuku suna hannun sarakuna, Yari ke shugabancinsu, kamar yadda aka yi a gidan Kurmawa na Kano wanda aka gina a 1910. Ba a tambayar gandiroban lokacin takardar makaranta, ƙarfi da biyayya ake nema. A 1968 Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen daga hannun En'e, a 2019 kuma aka yi doka wadda ta sauya sunan ma'aikatar, ta koma ta gyaran hali. Suna ya sake, amma zukatan mutane ba su sake ba tukuna.

Ni malamin ofis ne, na gaji alƙalamin akawun En'e, kuma ina da ƙane a garinmu Dagumawa wanda Allah Ya hore wa kai. Ya sauke Alƙur'ani, ya gama sakandare, ya sami shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001. Yana shekara ta biyu mahaifinmu ya rasu, ya bar mana mata da ƙananan yara da gona ɗaya. Albashina bai isa ya ɗauki gida da makaranta gaba ɗaya ba. Ana nan sai aka yi shelar ɗaukar gandirobobi, ya rubuta, aka ɗauke shi a ƙaramin muƙami, aka tura shi Kaduna horo.

Da labari ya iso gida, sai kawunmu ya kira ni, ya ce, "Malam, ashe da ranka za ka bar yaron nan ya zama mai tsaron ɓarayi? Wa zai ba shi 'yarsa?" Na ce, "Kawu, Allah Ya ba ka haƙuri, ai halal ya tafi nema." Da ya ji kuma yaron ya ce ba zai bar karatu ba, sai ya girgiza kai, ya ce taura biyu ba ta taunuwa.

Maganar tsoho ba ta faɗuwa ƙasa banza. Gandiroba ba shi da ranar kansa. Yau aikin safe, gobe na dare. A ƙirga fursunoni lokacin buɗewa, a ƙirga lokacin kullewa, in lissafi bai cika ba babu mai tafiya gida. Ran da malami ke cikin aji, watakila ran nan aka ce ya raka masu jiran shari'a kotu, su kuwa sun fi rabin mutanen da ke tsare a ƙasar nan. Saboda haka tilas ya bar Wudil, ya koma jami'ar karatu daga gida, wadda aka farfaɗo da ita a 2002 domin irinsa. Ya nemi iznin manyansa a rubuce, gama takardar da aka samo ba da izni ba takan ba ma'aikaci wuya wajen ƙarin girma. Hutunsa na shekara kuwa ya riƙa ajiye shi domin jarrabawa.

Wahalar da ta fi wannan ita ce ta amana. Mai ƙaramin albashi, ga kuɗin rajista a kansa, ga dangin fursuna suna miƙo abin goro don a shigar da waya ko wani abin da doka ta hana. Ya faɗa mini cewa duk lokacin da biyan kuɗin makaranta ya matso, nan Shaiɗan ya fi kusa. Muka sayar da tumaki biyu a kasuwar Wudil ran Juma'a, don kada hannunsa ya miƙe inda bai kamata ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan jami'a tana da azuzuwa a cikin wasu gidajen yari, kamar na Kirikiri da na Kuje, inda fursunoni ke karatu kyauta. Watau mai riƙe da mabuɗi da wanda aka kulle littafi ɗaya suke bi. Ƙanena ya ce tun da ya san haka ya daina ganin mutanen da yake tsaro kamar kaya a rumbu. Yakan koya wa marasa karatu baƙi da wasali in ya sami sarari. Wanda ya karanta ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalam, ya san ba kowane ɗaurarre ne mai laifi ba.

Yanzu saura masa shekara guda. Mai digiri yakan shiga sahun hafsoshi a mataki na 8, muna fata ya kai. Jama'a, idan muna son ɗan da ya shiga kurkuku ya fito da halin kirki, sai mu yarda 'ya'yanmu masu ilimi da tsoron Allah su tsare shi. Allah Ya sa mu gane, amin.