Hardanga, Ƙasar Da A Ke Ƙirga Zare Kafin A Yanka

'Yan'uwana mata, yau filinmu zai kai mu nesa, can ƙasar Norwe a arewacin Turai. A yammacin ƙasar, kudu maso gabas da birnin Bergen, akwai wani yanki da a ke kira Hardanga. A nan teku ta kutsa cikin ƙasa tsakanin manyan duwatsu, tafiyar fiye da mil 100. Ƙanƙara na bisa duwatsun, ƙauyuka kuwa na gindinsu a bakin ruwa, da gonakin tuffa waɗanda su kan yi fure fari fat a watan Mayu.

Jirgin fito ya kan sauke baƙo a wani ƙauye, Utne, inda a ke da gidan ajiye kayan tarihi tun 1911. A ciki za ki ga tufafin gargajiya na matan wurin, har da wani farin ƙyalle da su ke ɗaurawa a gaba, daga ƙugu zuwa ƙasa. Kusa da bakinsa an yi masa ado da farin zare, ga ƙananan tagogi a jere sai ka ce saƙar zuma. Wannan ɗinki da sunan yankin a ke kiransa. Su kan sa kayan nan ranar aure, da ranar 17 ga Mayu, watau ranar bikin ƙasarsu, kuma uwa ta kan bar wa 'yarta.

To, ga inda aikinsu ya bambanta da namu. Mu a nan, mai zane ya kan fara zana aska a jikin riga, sa'an nan mai ɗinki ya bi zanen. Su kuwa ba su zana kome. Saƙar yadin ita ce jagora. Saboda haka sai an sami yadi wanda zarensa na tsaye da na kwance daidai su ke. Da lilin su ka saba, amma akwai na auduga mai zare 22 a kowane inci, wanda ya fi sauƙi ga mai koyo. Allurar kuma marar tsini ce, don ta bi tsakanin zare, kada ta tsaga shi.

Darasin fari ɗaya ne tak. Ki ƙirga zare huɗu, ki haye su da ɗinki biyar a jere, gefe da gefe. Kin yi gida ɗaya ke nan. Sai ki juya, ki yi wani a kwance, ki yi ta haka har gidajen su kewaye fili. Tilas kowane gida ya sami abokinsa yana fuskantarsa a ɗaya gefen, bisa zare guda, domin su ne za su riƙe bakin zaren in an yanka.

Sai an gama wannan duka a ke ɗaukar almakashi. Kafin nan, mai hankali ta kan ɗora bakin allura a kan zare, ta bi shi daga wannan gida zuwa wancan, ta tabbata sun dace. Dalili kuwa, ɗinki in ya karkace a kan warware shi a sake, amma zaren da a ka yanka ba ya komawa. Kuskuren zare ɗaya ya isa ya sa aikin mako guda ya zazzage. In an tabbata, sai a yanka huɗu a bar huɗu, a zare waɗanda a ka yanka. Waɗanda su ka rage a nannaɗe su da siririn zare, biyu sama biyu ƙasa, har su zama 'yan sanduna. Tagogin nan da mu ka gani sun fito ke nan.

'Yan makaranta, wadda ta iya ƙirga huɗu da biyar ta iya fara wannan aiki. Kada dai ki fara da yadi mai tsada. Nemi ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, ki zauna inda haske ya ke, ki yi fili ɗaya, ki ƙirga sau biyu kafin ki taɓa almakashi. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai wani mako, in Allah ya kai mu.